Mastas a tarihi da falsafar kimiyya, me ake karantawa a ciki, kuma wanda ya fito daga fiziks zai iya?

Dalibin_Fiziks

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni nisa a karatu. Na gama digirin farko a fiziks shekara biyu ke nan, kuma tun ina aji uku akwai abin da ya tsaya min a rai wanda har yau ban samu wanda ya warware min shi ba. A lakca an koya mana cewa hanyar kimiyya ɗaya ce, ka yi hasashe, ka gwada, in gwaji ya saɓa ka watsar da hasashen. To amma wallahi a ɗakin gwaji ba haka muke yi ba. Na tuna ranar da muka yi gwajin lilo don auna ƙarfin jan ƙasa, ni da abokin aikina muka samu 9.1 maimakon 9.8, babu wanda ya ce Newton ne ya yi kuskure, mu aka ce mu je mu sake, muka sake har sau huɗu muna sake auna zaren muna canza mai riƙe agogo har sai da lambar ta matso. Kuma na yarda mu ne muka yi kuskuren, ba nan matsalata take ba. Abin da nake tambaya shi ne a ina aka ja layin? Yaushe ne sakamakon da ya saɓa yake zama laifin mai gwaji, yaushe kuma yake zama laifin ra'in kansa? Na kai wa wani malaminmu tambayar ya ce min wannan ba ta fiziks ba ce, ta falsafa ce, in bari sai na gama.

To na gama, kuma kwanan nan na ga ashe akwai jami'o'in da suke da sashe guda na tarihi da falsafar kimiyya, ana yin mastas har da dakta. Shi ne nake so in ji daga bakin wanda ya taɓa shiga. Me ake yi a ciki takamaimai, haddar wane ya gano me a wace shekara ce? Za su ɗauki mutumin da bai taɓa zama ajin falsafa ko sau ɗaya ba? Sannan wani abokina ya ce min karatun nan sa mutum yake ya daina yarda da kimiyya gaba ɗaya, wannan ta ɗan tsorata ni gaskiya, don ni son fiziks nake ba gudunta nake ba. Na gode.

Mai_Nazari

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina shekara ta uku a dakta a wannan fannin, kuma nima daga kimiyya na fito, kemistri na yi. Tambayar lilon nan taka ita ce tsakiyar fannin, ba gefensa ba, kai dai ba ka san ta da suna ba ne. Bari in ba ka misalin da aka fara ba mu a semina ta farko, don shi ya sa na san ban yi ɓatan kai ba.

An gano duniyar Yuranus a 1781. Da aka daɗe ana bin tafiyarta sai aka ga ba ta zama inda lissafin Newton ya ce za a same ta, tana ɗan kaucewa. In da za a bi abin da aka koya maka a lakca ai shi ke nan an ƙaryata Newton. Amma wani Bafaranshe masanin lissafi, Le Verrier, ya ce a'a, dokar tana nan daidai, akwai dai wata duniya da ba mu gani ba da take janta. Ya zauna ya lissafa inda ya kamata ta kasance, ya aika wasiƙa Barlin, a daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya saita madubin hangen nesa ya ganta, tazarar da ke tsakaninta da inda aka ce bai kai digiri ɗaya ba. Ita ce Neftun. Kaga nan ƙin yarda da sakamakon da ya saɓa shi ya haifi ɗaya daga manyan nasarorin kimiyya.

To yanzu ji ragowar. Shi dai wannan Le Verrier ɗin a 1859 ya lura ita ma Makyuri tana da ƴar kaucewa a zagayenta, sai ya sake ɗauko dabarar da ta yi masa aiki, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har suna aka raɗa mata, Vulcan, har wani likita mai sha'awar taurari ya ce ya ganta tana gilmawa ta gaban rana. An shekara da shekaru ana nemanta duk lokacin da rana ta yi husufi. Babu ita. Sai a Nuwamba 1915 Einstein ya lissafa da sabon ra'insa ya fitar da kaucewar nan daidai, sakan 43 na kusurwa a duk shekara ɗari, ba tare da wata ɓoyayyar duniya ba. Wato wannan karon dokar Newton ɗin ce ke da gyara. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi, kuma a 1859 babu wata ƙa'ida a rubuce da za ta gaya masa wanne ne wanne. Ga layin da kake nema nan, kuma a kansa mutane suke rubuta kundin dakta.

Abin da za ka karanta a zangon farko kusan ko'ina shi ne yadda manyan fannin suka yi ta kokawa da wannan. Karl Popper, mutumin Biyana, tun 1934 ya ce abin da ya raba kimiyya da wanda ba kimiyya ba shi ne ta yarda a iya ƙaryata ta, wato ra'i ya faɗi abin da in aka gani to ya rushe. Sai Thomas Kuhn a 1962 ya ce ku duba tarihi mana, masana ba sa jefar da ra'i don sakamako ɗaya ya saɓa, suna aiki ne a cikin wani tsarin tunani da kowa ya amince da shi, abin da ya saɓa a ajiye shi gefe, sai sun taru sun yi yawa kuma wani tsarin ya bayyana sannan a juya. Sai Imre Lakatos, ɗan Hangari da ya koyar a Landan, ya shiga tsakani ya ce a daina duban ra'i ɗaya, a dubi jerin gyare-gyaren da ake masa, in gyaran yana hango sabon abu kuma ana samunsa, kamar Neftun, to shirin yana ci gaba, in kuwa kullum faci ake yi bayan an riga an sha kaye to ya fara ruɓewa. A 1965 an haɗa su a taro a Landan, Kuhn da Popper suka fuskanci juna, kuma har yau ana sa ɗalibai karanta takardun taron nan.

Batun ko za su ɗauke ka, shi kansa Kuhn dakta ya yi a fiziks a Harvard. A 1947 aka ce ya shirya darasi kan tarihin ilimin motsi, ya buɗe littafin Aristotle, masanin falsafar tsohuwar Girka, yana karantawa yana mamakin yadda mutum mai kaifin basira haka zai yi ta kwaɓa a fiziks, har ranar da ya gane cewa kalmar motsi a wajen Aristotle ba tashi daga nan zuwa can kaɗai take nufi ba, duk wani sauyi ne, tsiro ya zama bishiya, mara lafiya ya warke. Da ya karanta shi da wannan ma'anar sai maganganun suka daidaita. Wannan ƙwarewar ita ake so a dasa maka, ka iya karanta mutumin da ya yi kuskure har ka ga dalilin da ya sa abin ya zama hankali a wajensa. Ba hadda ba ce ko kaɗan, shekaru ma in ka manta ka duba.

Abin da zai ba ka wuya shi ne rubutu. Mu da muka fito daga kimiyya mun saba da amsa a layi uku da lamba a ƙasa an ja mata layi biyu. Nan kuwa a mako za a iya ba ka shafi ɗari ko fiye, ku zauna ku goma sha biyu a kewaye da tebur awa biyu, malami ba ya lakca, tambaya kawai yake jefowa. Maƙalata ta farko ta dawo min da jan biro tun daga sama har ƙasa, kuma kusan duk gyaran abu ɗaya ne, na faɗi abin da Popper ya ce na faɗi abin da Kuhn ya ce amma ban faɗi nawa ba balle in kare shi. Sai da na yi wata huɗu kafin hannuna ya faɗa.

Injiniya_77

Ni dai zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi daɗi ba. Ɗan'uwa kana da digiri a fiziks, abin da mutane da yawa suke nema ba su samu ba, ka je ka yi mastas a abin da za ka taɓa da hannu, makamashi ko ilimin kayan ƙira ko sarrafa bayanai. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki kuma ban taɓa ganin ranar da aka tsaya aka ce a kira masanin falsafa ya duba mana ko lissafin nan kimiyya ne ba. Gada in ta tsaya ta tsaya. Steven Weinberg da ya ci kyautar Nobel a fiziks a 1979 babi guda ya ware a wani littafinsa yana cewa bai ga inda falsafa ta taimaki masu fiziks na zamaninsa a aikinsu ba, kuma ai ya fi mu sanin aikin.

Abin da abokinka ya faɗa ma akwai ƙamshin gaskiya. Na sha yin musu a intanet da masu cewa rigakafi ƙarya ne ko ɗumamar yanayi shiri ne, kuma da ka matsa su sai ka ji sun ce ai ko Kuhn ya ce kimiyya ra'ayin jama'a ce, gobe za ta canza. Wannan makamin daga ina suka samo shi in ba daga irin wannan karatun ba? Malam Mai_Nazari ban raina ƙoƙarinka ba wallahi, labarin Neftun ya burge ni, amma ni a ganina abin karantawa ne da daddare bayan an tashi daga aiki, ba abin da mutum zai ba shekara biyar na ƙuruciyarsa ba.

Ummu_Sumayya

Salamu alaikum. Ni ta ƙofar Larabci na shigo fannin, ba ta kimiyya ba, na yi mastas a kan rubutattun littattafan falaki, wato ilimin taurari, kuma yanzu koyarwa nake. Ina so in ƙara ɓangaren tarihi don Malam Mai_Nazari ya fi ba da ƙarfi a falsafa, kuma a sassa da yawa waɗannan biyun zaman ƴan marina suke, suna ɗaki ɗaya amma kowa da inda ya sa gaba. Lakatos ne ya ce falsafar kimiyya in babu tarihi fanko ce, tarihin kimiyya in babu falsafa makaho ne, amma a aikace dole wata rana ka zaɓi inda ƙafarka ta fi nauyi.

Ɗana, abin da zan ja maka kunne a kai shi ne wanda ni na faɗa ciki. Na shiga ne da niyyar in nuna cewa duk abin da Turai take taƙama da shi malaman Musulunci sun riga ta. Firofozal ɗina na farko haka yake daga farko har ƙarshe, sufabaiza ta karanta ta ce min wannan ba tambaya ba ce, amsa ce na riga na riƙe nake neman wanda zai sa min hannu. Na ji zafi sosai a lokacin. Sai ta ba ni shafi shida na Ibn al-Haisam ta ce in je in fassara, kar in ƙara ko kalma ɗaya da ba ta cikin nassin.

Shi Ibn al-Haisam an haife shi a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, kuma Kitab al-Manazir ɗinsa maƙala bakwai ne a kan gani da haske. Kafin shi masu lissafi irin su Euclid da Batlamus suna cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓo abu, shi kuma ya tsayar da cewa haske ne yake shigowa ido daga kowane ɗigo na abin da ake kallo, ya kuma bi abin da gwaji, ɗaki mai duhu, ƙaramar kafa, fitilu a waje, a rufe fitila ɗaya a ga haske ɗaya ya ɓace a bango. A intanet za ka ga ana ta cewa shi ne ya ƙirƙiro hanyar kimiyya ta zamani. To da na zauna da nassin sai na ga kalmar da yake amfani da ita i'itibari ce, kuma sai da na kwana uku a kan ko in fassara ta da gwaji ko a'a, domin yawanci yana kawo ta ne don tabbatar da abin da ya riga ya kafa da hujja, ba irin gwajin da ake koya muku na neman rushe hasashe ba. Sannan a wajensa ba a bayan ido hoto yake sauka ba, ruwan tabaran cikin ido ne yake karɓar gani, sai Kepler, Bajamushe masanin taurari, a 1604 ya ce hoton a bangon bayan ido yake sauka kuma a kife. Wallahi ban ga girman mutumin nan da gaske ba sai da na daina ƙoƙarin mayar da shi ɗan zamaninmu, na ga irin matsalar da ya gada da kayan aikin da yake da su.

Wanda ya yi wa littafin nan hidima ya tace Larabcin mafi yawansa ya fassara wani sashe nasa Bamisre ne, Abdulhamid Sabra, ya koyar a Harvard, kuma abin sha'awa a hannun Popper ya yi daktansa a Landan. Kaga falsafar da tarihin a jikin mutum ɗaya.

Ga wani misalin da har yanzu yake da rai. Ibn al-Shatir mai kula da lokutan salla ne a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, ya rasu wajen 1375. A 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, ya wallafa a mujallar Isis cewa tsarin lissafin tafiyar wata na Ibn al-Shatir daidai yake da wanda ke cikin littafin Copernicus na 1543, wanda ya ce duniyarmu ce take zagaya rana. Kuma akwai wata dabarar da'ira biyu ta Nasiruddin al-Tusi, mai ɗakin duban taurari na Maraga da aka fara ginawa a 1259, ita ma ta fito a wajen Copernicus. Mai neman alfahari zai tsaya nan ya ce an sata. Mai bincike kuwa nan aikinsa ya fara, ta wace hanya, wane rubutu, wa ya ɗauke shi zuwa Italiya, da wane harshe, ko kuwa matsala ɗaya ce ta kai mutum biyu ga mafita ɗaya? Masana suna ta muhawara a kai har yau, kuma kar a manta shi Ibn al-Shatir duniyarmu ya bari a tsakiya, ba rana ba.

Don haka in tarihi ne ya ja ka, harshe shi ne jarinka. Larabci ko Latin ko Jamusanci ko Faransanci, gwargwadon zamanin da ka zaɓa. Fuat Sezgin, Baturke da ya zauna a Frankfurt, ya ƙare rayuwarsa yana bin laburare ƙasa ƙasa yana lissafa rubutattun littattafan Larabci, ya fitar da mujalladi 17 kafin ya rasu a 2018, kuma da yawan abin da ya lissafa har yanzu ba a tace shi an buga ba. Mutumin da ya iya lissafin fiziks ya kuma iya karanta tsohon rubutun hannu ba shi da yawa a duniya, ni lissafin ne yake kayar da ni, sai na nemi mai taimaka min a kan jadawalin taurari.

Mai_Nazari

Malama Allah ya saka da alheri, kin cike min gurbin da na bari.

Yaya Injiniya, maganarka ta aiki zan dawo kanta don akwai gaskiya a ciki. Amma ta masu ƙaryata rigakafi ban yarda ba. Wanda aka koya wa cewa kimiyya ba ta taɓa kuskure, shi ne ranar da ya ga masana sun canza magana yake cewa ashe duk ƙarya ce. Wanda ya san yadda ake gina yarda a hankali, da awo da sake awo da suka daga abokan hamayya, canjin magana ba ya girgiza shi. Kuhn ma da kansa ya yi shekaru yana musanta masu fassara shi da cewa kimiyya son rai ce. Kuma Einstein da bakinsa ya ce karatun masana falsafa David Hume da Ernst Mach ya taimaka masa wajen sake tunanin lokaci. Shi Weinberg ɗin ma ai a 2015 littafin tarihin kimiyya guda ya rubuta, masana tarihi suka yi ta jayayya da shi don ya auna mutanen da da ma'aunin yau, da gangan kuma.

Tunda kai mai son abin taɓawa ne ga ɗaya. Kowa ya haddace ruwa yana tafasa a digiri 100. Hasok Chang, wanda yanzu farfesa ne a Kambirij, ya bi tsoffin takardun masu haɗa ma'aunin zafi ya ga ashe sun sha wahala a kan wannan. Jean-André De Luc na Janeba, a littafinsa na 1772, ya ba da labarin yadda ya yi mako huɗu yana girgiza ruwa a kwalba don ya fitar da iskar da ta narke a ciki, da ya ɗora shi a wuta ya haura digiri 110 bai tafasa ba sai kuma ya fashe gaba ɗaya. An kuma lura ruwa a tukunyar ƙarfe da a kwalbar gilashi ba a zafi ɗaya suke tafasa ba. Har kwamiti ƙungiyar masana ta Landan ta kafa a 1776 ƙarƙashin Henry Cavendish, suka ba da shawarar a riƙa sa ma'aunin a cikin tururi maimakon cikin ruwan. Chang bai tsaya a karatu ba, ya shiga ɗakin gwaji ya maimaita ya ga haka ne. Nima na gwada da kaina a ɗakin gwajin kemistri da kwalba mai santsin ciki da ruwan da na riga na tafasa sau biyu, ina kallon ma'auni ya wuce 100 ruwa shiru ba ko kumfa, sai can ya yi wani irin tsalle. Shekara huɗu na yi ina digirin kemistri ban taɓa tambayar ta yaya aka san ma'aunin zafi na farko daidai yake ba alhali babu wani ma'aunin da za a gwada shi da shi.

Kuma ba tsohon zance ba ne kawai. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. Tambayoyin da suka biyo baya, me ake nufi da an maimaita gwaji, hujja nawa ta isa, duk na fanninmu ne.

Dalibin_Fiziks

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Jiya ban yi barci da wuri ba ina ta karanta labarin Vulcan. Yaya Injiniya na ji maganarka kuma ba zan yi wasa da ita ba. Malama, Larabcina na karatu ne kawai, ina iya bin nassi mai wasali a hankali, ban san ko zai isa a fara ba. Yaya Mai_Nazari in mutum zai nema me ake dubawa, tunda takarduna duk lissafi ne babu maƙala ko ɗaya? Ina tunanin in rubuta firofozal a kan yadda kimiyya take gane gaskiya.

Mai_Nazari

A'a ƙanena, wannan taken ya yi faɗi, shi ne irin wanda ake ajiyewa gefe tun a layin farko. Ka matse shi har sai ya zama abu ɗaya, mutum ɗaya ko gwaji ɗaya, a shekaru ƙididdigaggu. Misali Robert Millikan da ya auna cajin lantarki da ɗigon mai, takardarsa ta fito a 1913, daga baya masanin tarihin kimiyya Gerald Holton ya duba littattafan ɗakin gwajinsa ya ga akwai ɗigon da ya auna bai sa a takardar ba, aka yi ta muhawara ko maguɗi ne ko ƙwarewar mai gwaji ce da ya san lokacin da na'ura ta yi tangarɗa. Ka ga ai tambayar lilonka ce sak, kuma kai kana iya bin lissafin da wanda ya fito daga falsafa zalla ba zai iya ba. Ko awon husufin 29 ga Mayu 1919 da Eddington da abokan aikinsa suka yi don gwada ra'in Einstein, aka je tsibirin Principe da Sobral ta Barazil, aka ajiye hotunan wani madubin hangen nesa ba a yi hukunci da su ba. Ka ɗauki ɗaya ka rubuta shafi goma, ka faɗi matsayinka ka kawo hujja mafi ƙarfi da za a iya yi maka da ita ka amsa. Wannan samfurin rubutun ya fi komai nauyi a takardunka.

Tsarin ya bambanta. A Ingila mastas ɗin gajere ne, shekara ɗaya ko ƙasa da haka, maƙaloli da kundi, akwai Kambirij inda sashen yake gini ɗaya da gidan adana tsoffin kayan kimiyya na Whipple, akwai Leeds da Landan. A Amurka yawanci kai tsaye ake shiga dakta, shekara biyar ko fiye, biyun farko kwasa-kwasai ne, Pittsburgh da Indiana sun daɗe a harkar. A Barlin akwai cibiyar Max Planck ta tarihin kimiyya da aka buɗe a 1994. Kafin ka dubi sunan jami'a ka dubi wa yake aiki a kan abin da kake so, ka karanta takardarsa ɗaya, sannan ka rubuta masa gajeren saƙo.

Maganar aiki kuma ba zan ɓoye maka ba, kujerun koyarwa a fannin kaɗan ne kuma masu nema da yawa. Cikin waɗanda muka yi mastas tare wasu sun tafi gidajen tarihi, wasu aikin jarida na kimiyya, wasu ofisoshin tsara manufofin bincike, ɗaya ta koma fiziks ta yi daktanta a can. Shawarata kar ka shiga dakta sai da cikakken tallafin karatu, kuma kar ka bar lissafinka ya yi tsatsa.

Ummu_Sumayya

Larabcinka zai isa a fara ɗana, nawa ma da na fara rubutun hannu sai da na koma kamar ƴar aji ɗaya, don babu wasali wani lokacin ko ɗigo babu, kuma lambobin jadawali da haruffan abjadi ake rubuta su. Ka nemi bugun Manazir da Sabra ya tace, ka ɗauki sakin layi ɗaya kullum. In ka yi wata ɗaya ka dawo nan ka gaya min yadda ka fassara i'itibari.

Dalibin_Fiziks

In sha Allah Malama. Na sauke takardar Millikan ta 1913, zan fara da ita tunda na taɓa yin gwajin ɗigon man a aji huɗu kuma na tuna yadda muka riƙa zaɓar ɗigon da za mu bi. Yaya Mai_Nazari in na rubuta shafi goman zan iya turo maka ka duba min kafin ƙarshen wata?